Yadda ake sayen mashin na hannu a Indiya don doguwar tafiya

Tun da na dawo gida da wuya a yi mako ba wanda ya tare ni da zancen mashin. Ko dai ƙanen aboki ne da ya samu gurbin karatu a Bangalor ko Pune, ko kuwa uba ne da ɗansa ya bugo waya yana neman a turo masa kuɗin mashin. Shekaranjiya ma a majalisarmu ta Tudun Wada, bayan isha'i, wani yaro ya matso ya rusuna ya ce, "Yaya, wai da gaske a kan mashin kuka je Haidarabad?" Da gaske ne, kilomita kusan 570 daga Bangalor, kuma ba wani ƙaton mashin ba ne. Shi ya sa na ga gara in jera matakan a wuri ɗaya. Indiya zan yi magana a kai, don can na zauna. Wanda za shi Malesiya ko Masar zai tsinci abin amfani, amma sunayen takardu da kuɗaɗen can daban ne.

Mu a nan da kunne muke sayen mashin. A tayar da shi, ka saurari inji, ka zagaya layi, a rubuta maka rasit, shi ke nan. Idan ka tafi da wannan ɗabi'a za ka yi asara, don a can takarda ita ce mashin, ƙarfen biyo ta yake yi.

1. Abin da za ka gama kafin ka bar Kaduna

Ka duba lasisinka. Yawancinmu tun muna firamare muke hawa mashin, amma lasisin mota muke riƙe da shi, idan ma akwai. Na mashin shi ne rukunin A. Ka yi shi, sannan ka nemi lasisin ƙasa da ƙasa a kansa, ka tabbata an buga hatimi a gurbin mashin. Shekara ɗaya yake aiki, don haka wanda zai yi digiri na shekara uku ko huɗu dole ya nemi na Indiya daga baya: a fara ba ka na koyo, bayan kwana 30 ka yi gwaji a ba ka cikakke. Ka nemi rukunin da suke rubutawa MCWG, wato mashin mai giya.

Abu na biyu, ka ware yini biyu ka je Panteka ko wurin bakaniken unguwarku ka zauna. Ka ce, "Oga, so nake in koyi ɗaure sarƙa, da canza fulogi, da sa wayar kuloc." Ka saya masa abincin rana. Bajaj da TVS ɗin da suke kwancewa kullum daga Indiya suke zuwa, abin da hannunka ya saba da shi a nan shi za ka tarar a can.

*Gargaɗi:* su ta hagu suke tuƙi. Hannunka zai gane da wuri, amma a shataletale da lokacin fitowa daga gidan mai ne tsohuwar ɗabi'a take dawowa. Kada ka sayi mashin a watanka na farko, ka bari idonka ya saba da titi tukuna.

2. Wane mashin?

Kada ka je kana neman Boxer. Kusan duka don fitarwa waje ake ƙera shi. 'Yan'uwansa a can su ne Platina da CT. Abin da ya cika titi shi ne Hero Splendor, mai inji kusan cc 100, ba ya shan mai, lita ɗaya ta kai ka kilomita 60 ko fiye. A cikin gari babu kamarsa. Amma a babbar hanya, da jaka a baya, ga manyan motoci suna wuce ka iska tana wujijjiga ka, za ka ji ƙanƙantarsa.

Ni shawarata cc 150 zuwa 160: Bajaj Pulsar 150, Honda Unicorn, ko TVS Apache 160. Suna riƙe gudun 70 zuwa 80 yini guda ba su galabaita ba, tankin Pulsar lita 15 ne, kuma ko a wane ƙauye ka tsaya akwai mai kayan gyaransu. Unicorn ya fi daɗin zama, Pulsar ya fi arhar gyara.

Za ka ga Royal Enfield yana ƙugi ranka ya biya. Ka danne zuciyarka. Nauyin Classic 350 ya doshi kilo 200, ga shan mai, ga tsadar gyara, kuma na hannu mai arha yawanci wahala ce wani yake neman ya sauke maka.

Shekarar ƙira tana da muhimmanci. Daga Afrilun 2019 duk sabon mashin da ya wuce cc 125 yana zuwa da birkin ABS, wanda ba ya ƙulle taya idan ka taka da ƙarfi. Daga Afrilun 2020 kuma yawancinsu sun bar kafireta sun koma na'urar fesa mai. Mai kafireta kowane bakanike zai taɓa shi, amma idan aljihunka zai kai, ɗan 2019 zuwa sama ya fi, saboda birkin. Kuma man fetur ɗin da ake sayarwa yanzu gauraye yake da itanol har kashi 20 cikin ɗari, tsofaffin mashina robobinsu ba sa jimawa da shi.

*Gargaɗi:* rajistar mashin shekara 15 take yi, sannan a sabunta. A yankin Delhi abin hawa mai fetur da ya wuce shekara 15 matsala ne. Duk wanda ya haura shekara goma ka bar wa masu shi.

3. Lissafi

Kada ka kashe duk abin da aka turo maka a kan kuɗin saye. Pulsar mai shekara biyar zuwa bakwai yakan faɗa tsakanin rupi 40,000 da 60,000, gwargwadon gari da lafiyarsa. Ka ajiye aƙalla wata 10,000 a gefe. A ciki za ka cire inshorar dole, wadda farashinta gwamnati ce take yankewa: rupi 714 a shekara ga mashin cc 75 zuwa 150, rupi 1,366 ga wanda ya haura 150 har 350, ban da haraji. Ka lura Unicorn 160 da Apache 160 sun faɗa rukuni na biyu. Sai hular kwano mai tambarin ISI, wato shaidar ingancin kaya ta Indiya, sai juya suna, sai gyaran farko, wanda kusan kullum akwai taya ko sarƙa a ciki. Litar fetur tana kewayen rupi 100, ta ɗan haura ko ta gaza bisa ga jiha.

4. Inda ake nema

Wuri mafi sauƙi shi ne hannun ɗalibin da ya gama zai koma gida. Amma a nan ne kuma aka fi samun mashin da ya bi hannu huɗu alhali takarda tana ɗauke da sunan mutumin farko, wanda ba wanda ya san inda yake. Zumunci ba ya gyara wannan. Idan wanda sunansa yake kan kati ba zai iya zuwa ya sa hannu ba, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka wuce.

Akwai shagunan dillalai, sun ɗan fi tsada amma suna taimakawa da takardu. Akwai shafin saye da sayarwa na OLX da kasuwar Facebook.

*Gargaɗi:* a intanet akwai wata damfara da ta yi suna. Mutum zai sa hoton mashin mai kyau a rabin kuɗi, ya ce shi soja ne an yi masa canjin wurin aiki, ya turo maka hoton katin shaida, ya ce ka biya kuɗin kawo kaya. Ko sisi kada ka tura kafin ka ɗora hannunka a kan tanki.

5. Takardu, tun kafin a tayar da inji

Nan ne ni na ƙone hannu, don haka zan daɗe.

Ka nemi katin rajista, wanda kowa yake kira RC, na ainihi ba hoto ba. Ka tsuguna ka karanta lambar shasi da take buge a wuyan mashin, ƙarƙashin kai, da lambar inji a gefen inji. Ka haɗa su da na kati harafi bayan harafi. Idan wurin ya yi kama da an goge ko an sake bugawa, zance ya ƙare. Sannan ka nemi katin shaidar mai sayarwa ka ga sunan ɗaya ne.

Ka sauke manhajar mParivahan ta gwamnati a wayarka, ka sa lambar mashin. Za ta nuna maka shekarar rajista, da ranar ƙarewar inshora, da ta takardar hayaƙi. A shafin Parivahan kuma akwai inda ake duba tarar da take kan lamba. Kyamarorin titi suna rubuta tara ba tare da an tsayar da mutum ba, sai ta taru, kuma ba za a juya maka suna ba sai an biya. Duk abin da ka gani a wurin, mai mashin ne zai biya, ko a cire daga kuɗin saye.

Sai bashi. Mashina da yawa da rancen banki ake sayensu, kuma sunan bankin yana hawa kan kati. Ni na sayi nawa na farko a hannun wani mutum mai fara'a, har shayi ya ba ni a gidansa. Na ga sunan wani kamfanin lamuni a ƙasan katin, na tambaya, ya kaɗa kai ya ce ai tuni ya gama biya. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma da na je ofishi sai ma'aikacin ya ɗora yatsa a kan layin nan, ya turo min takarduna ta ƙarƙashin gilashi, ya ce in kawo Fom 35 da takardar sakin bashi. Wata biyu ina bin mutumin, yau ya yi tafiya, gobe waya a kashe, mashin yana jingine a ƙofar ɗaki yana cin ƙura. Idan ka ga sunan banki a kati, kada ka ba da kuɗi sai Fom 35 mai hatimin bankin da takardar da ta ce ba sa bin komai suna hannunka.

Sauran biyun su ne inshora da takardar hayaƙi, wadda suke kira PUC. Ita wannan a gidajen mai da yawa ake yin ta cikin minti kaɗan, kuɗinta ba yawa, amma tarar rashinta tana iya kaiwa rupi 10,000.

*Gargaɗi:* ka sayi mai lambar jihar da kake zaune. KA ta Karnataka ce, MH Maharashtra, TS ko TG Telangana, DL Delhi. Mai lambar wata jiha sai an samo takardar amincewa ta Fom 28 daga can, kuma idan ya wuce wata 12 a sabuwar jiha sai an sake masa rajista a biya haraji. Ɗalibi ba shi da lokacin wannan zirga-zirga.

6. Yanzu ka duba ƙarfen

Ka je da safe, da rana tana haske, ka roƙi kada a tayar da shi kafin ka iso. Da isarka ka taɓa inji da bayan hannu. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama shi don ya ɓoye wahalar tashi. Ka tayar da kanka, da sitata da kuma kik idan yana da shi. Ka koma baya ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne, ringi da fistin sun gaji, garambawul yana jiranka.

Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. Baƙi ba laifi ba ne, amma idan ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyallin ƙarfe, ka tsorata. Ka leƙa ƙarƙashin inji ka ga ko yana tsiyaya. Injin da aka wanke fes alhali sauran jiki da ƙura, akwai abin da aka goge.

Ka ɗora shi a kan babbar ƙafa, wani ya danna baya tayar gaba ta tashi, ka juya kai hagu da dama a hankali. Idan yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu. Ka dubi sandunan shokozoba na gaba, idan da jiƙar mai robarsu ta fashe. Ka ja sarƙa daga bayan haƙoranta: idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun karkace, dukansu za a canza. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ka sa ta a lissafin canji ko da zanenta bai cinye ba.

Mita kuwa kada ka yarda da ita. Mayar da ita baya abu ne mai sauƙi. Robar matakin ƙafa da ta hannu sun fi ta faɗin gaskiya: mita tana cewa 15,000 amma mataki ya suɗe har ƙarfe, ka san da sake.

Sannan ka hau. Ka shiga kowace giya, ka ba shi wuta a giyar sama; idan inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloc yana zamewa. A fili mara cunkoso ka sassauta riƙon kai ka ji ko yana ja gefe guda, alamar ya taɓa faɗuwa shasi ya karkace. Fitilar gaba idan ta ƙi mutuwa ba lalacewa ba ce, daga 2017 haka ake ƙera su.

Idan da hali ka tafi da bakanike naka, ba na mai shago ba, ka biya shi ladan duba.

7. Ciniki

Wannan ba sai an koya wa ɗan Kaduna ba, wanda ya saba da Kasuwar Barci. Bambancin kawai shi ne ana ganinka baƙo za a ɗora. Ka tafi da abokin karatu ɗan ƙasa, shi ya fara tambayar farashi. Kai kuma ka rubuta duk aibin da ka gano da kuɗin gyaransa, ka yi tayi da wannan takarda a hannu. Ka biya ta banki don a sami shaida, kuma a zama ɗaya da sa hannu a takardu. Ku rubuta takardar miƙa kaya mai kwanan wata da lokaci, don duk laifin da aka yi da mashin kafin wannan sa'a ba naka ba ne. Ka karɓi makulli biyu.

8. Juya suna

Ofishin da yake wannan aiki shi ne RTO na yankinku. Mai sayarwa zai sa hannu a Fom 29 kwafi biyu, ku duka ku sa a Fom 30. Sa hannunsa ya yi daidai da wanda yake a rajista, in ba haka ba a dawo da ku. Ka haɗa da RC, inshora, PUC, hotuna, kwafin fasfo da biza, takardar izinin zama ta ofishin rajistar baƙi (FRRO), da shaidar adireshi, wato yarjejeniyar haya ko wasiƙar makaranta. Doka ta ba mai sayarwa kwana 14 ya sanar idan cikin jiha ɗaya ne, kai kuma mai saye kwana 30. Inshorar ma cikin kwana 14 za ka nemi a mayar da ita sunanka, mutane da yawa a nan suke mantuwa.

Kuɗin gwamnati 'yan ɗaruruwan rupi ne. Akwai 'yan tsakiya a bakin ofis da suke karɓar ninkin haka su yi maka zirga-zirga. Idan ba ka jin harshen gari suna da amfani, amma ka karɓi rasit na gwamnati a hannunka.

*Gargaɗi:* wasu za su ce ka sa sunan aboki ɗan ƙasa don sauƙi. Ranar da kuka ɓata, ko ya kammala ya koma garinsu, mashin nasa ne.

9. Gyaran farko da gwaji

Ko mai shi ya rantse jiya ya yi sabis, ka juye baƙin mai, ka canza matatar iska da fulogi, ka duba takalman birki da batir. Ka sayi wayar kuloc ta biyu a ɗaura maka ita kusa da ta farko, ranar da ta tsinke juyawa kawai za ka yi. Sannan ka yi tafiyar gwaji ta kamar nisan Kaduna zuwa Zariya ka dawo, da irin kayan da za ka ɗauka. Duk abin da zai kwance, ya kwance kusa da gida.

10. Kan hanya

A ƙaramin mashin kilomita 300 zuwa 350 a yini ya isa. Tafiyar Haidarabad kwana muka yi a hanya. Ka fita bayan asuba, ka sauka kafin magariba, don da dare shanu da manyan motoci marasa fitilar baya ba su da kyau. Ka huta duk bayan awa ɗaya da rabi, inji ya sha iska kai ma ka sha ruwa. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, zafi mai tsanani a Afrilu da Mayu. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya.

Mashin ba ya biyan kuɗin shinge a manyan hanyoyin tarayya, akwai siririn layi a gefen hagu. Amma wasu manyan titunan an hana mashin hawa ɗungurungum, kamar sabon titin Mumbai zuwa Pune, da tsakiyar titin Bangalor zuwa Maisur tun 2023, sai dai ka bi tsohuwar hanya ko ta gefe. Ka saita taswirar wayarka a kan mashin, ba mota ba.

Fasfo da takardar FRRO su kasance a jikinka, cikin leda. Ba kowane masauki ne yake karɓar baƙon ƙasar waje ba, don dole su cika takardar sanar da hukuma saukarka, wadda aka fi sani da Fom C, saboda haka ka buga waya ka tambaya tun da rana. Wasu yankunan kan iyaka, kamar Arunachal Pradesh da sassan Sikkim da Ladakh, sai da izini na musamman. 'Yan sanda za su tsayar da kai fiye da yadda suke tsayar da 'yan ƙasa. Ka kashe inji, ka cire hula, ka miƙa takardu ba gardama. Tarar rashin hula rupi 1,000 ce, rashin inshora 2,000, rashin lasisi 5,000, kodayake wasu jihohin sun rage.

Idan gajiya ta kama ka ko mashin ya ba da matsala a nesa, jirgin ƙasa yana ɗaukar mashin a matsayin kaya. Za su nemi kwafin RC da shaidarka, kuma sai ka zuƙe man tanki kaf.

11. Ranar rabuwa

Ka fara neman mai saye wata biyu kafin bizarka ta ƙare, don wanda ya san jirginka jibi ne rabin kuɗi zai taya. Ka sa hannu a Fom 29 da 30, ka ajiye kwafi, kuma ka buɗe mParivahan ka ga sunanka ya sauka daga kan lambar kafin ka nufi filin jirgi.